Ƙwan Zabin Gwaggo Asabe da Kwamfuta Mai Barci

Na ji yadda kuke ba 'ya'yanku labarin, har da gishirin da kuka ƙara masa: wai kakansu ya ƙi zama hedimasta a Yendi don ya zauna gida ya yi kwanci a kan ƙwan zabi. Ban musa ba, akwai ƙwai a cikin maganar, akwai kuma Yendi. Amma tunda ni aka ce na yi kwancin, ku bar ni in faɗi yadda aka yi, tun jikokina ba su fara neman gashin tsuntsu a jikin rigata ba.

Gwaggo Asabe ƙanwar mahaifina ce, ita ta goye ni a Salaga bayan rasuwar mahaifiyata. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Babana" take cewa, ko a lokacin da take murɗe mini kunne. Allah bai ba ta haihuwa ba. Abin da take da shi a duniya, in an cire ni, zabinta ne, wasu masu farin ƙirji da ta ce iri ne daga hannun kakarta. Da mijinta ya rasu, ƙafa kuma ta fara ƙi, sai na je na ɗauko ta zuwa Bawku, inda nake koyar da kimiyya a sakandare. Zabin muka sauke su a Yendi wurin baffanku Ɗanladi, domin gidan hayarmu na Bawku ba shi da fili. Wannan a ƙarshen shekarun casa'in ne, shekarar da ruwan dam ya ja baya aka shiga rabon wuta, unguwa ta samu yau, gobe ta kwana da aci-bal-bal.

Damina na faɗuwa ciwo ya shiga garken a Yendi. Kafin Ɗanladi ya farga saura mace ɗaya, ita ma ta yi 'yan ƙwai ta bi sauran. Ya jera ƙwan cikin ƙwarya da dusa, ya ba wani mai fataucin goro ya kawo mana. Kun dai san zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, kaza ake sa wa. To, kaza ɗaya ce a gidanmu mai niyyar kwanci, ita kuwa uwarku Rabi ta riga ta karrama surukaina da ita. Muka zaga maƙwabta, kajin unguwar duk sun zama 'yan boko, babu mai son zaman gida.

Gwaggo ta daɗe tana duban ƙwaryar, sa'an nan ta ce,

"Babana, in waɗannan suka mutu, ka sa ni a lori. Gara in koma ɗakina in zauna da ƙadangaru, da in zauna a garin da ba ni da abin da zan tashi dominsa da safe."

Ba barazana take yi ba, ba ta iya ba. Ni kuwa na san ɗakin nan na Salaga. Rufinsa yana yoyo, kuma babu wanda ya rage a gidan da zai ja mata ko guga ɗaya daga rijiya.

A nan akwatina ya shigo. Tun ina koyarwa a Yendi a shekarun tamanin nake da cutar kwance rediyo da ɗinke waya, har wani tsohon ɗalibina da ya tafi Jamus ya tuna da ita, ya aiko mini da tsohuwar kwamfuta irin mai murfi, wadda ake ninkewa kamar littafi. Tsarin da ke cikinta irin wanda ake barin kowa ya buɗe hanjinsa ya karanta ne, ni kuma mutum ne da ko takardar ƙunshin ƙosai ba ya yarwa sai ya karanta. Na haɗa akwatin katako, na sa masa fitila don ɗumi, da ɗan ma'aunin zafi na lantarki, da batirin lori saboda ɗaukewar wuta, na jawo wayoyinsu zuwa ƙofar da ake haɗa firinta. Ga darasin, kuma gajere ne, kada ku yi hamma. Kwamfuta ba ta taɓa fitila da hannunta. A can tsakiyarta akwai maigida, wanda masu sana'ar ke kira kanel, shi ke raba aiki. Kowace na'ura da aka haɗa kuma tana da ɗan aikenta wanda ya san yarenta, shi ake kira direba. Na akwatin nan ni na rubuta shi. Aikinsa ya tambayi ma'auni, in sanyi ya yi ya kunna fitila, in zafi ya kai ya kashe. Da shi na ƙyanƙyashe ƙwan kaji don 'yan ajina, har suka fara gaishe ni da ladabin da ban saba gani ba.

Gwaggo ta leƙa akwatin, ta shinshina shi, ta ce,

"Wannan ce uwar?"

Na ce ita ce.

"To, Allah ya sa ta fi ta Yendi hankali. Amma juyi ni zan riƙa yi. Abin da ba shi da baki ba zai juya mini ƙwai ba."

Ta sa wa kowane ƙwai alama da gawayi, safe da yamma tana shiga ɗakin karatuna tana juya su, tana yi musu hira da sunayen iyayensu. Haka muka tafi lafiya har muka wuce rabin kwanci.

Wata Asabar da hantsi na shiga ɗaukar littafi, sai hancina ya ji warin katako mai zafi. Fitila na ci, akwati ya yi zafin da hannu ke ji tun daga waje, kwamfuta kuwa ta rubuta mini a fuskarta, cikin natsuwa irin ta maƙaryacin da ya ƙware, cewa fitila a kashe take kuma zafi daidai ne. Na fizge waya, na buɗe akwati, na tsaya ina yi wa ƙwai fifita da littafin lissafi. Allah ya sa abin bai daɗe da farawa ba. Na kashe kwamfutar na sake kunna ta, komai ya koma daidai, kamar ba a yi ba. Na ɗora laifin a kan masu rabon wuta, domin a shekarar nan ko miya ta yi tsami su ake zagi. Na yini ina gwadawa, in zare wuta in mayar, in zare in mayar. Kwamfuta ta koma kan batirinta, ta dawo, ko gezau. Sai na rataya ma'aunin gilashi na makaranta a cikin akwatin, na roƙi uwarku ta riƙa leƙawa kafin ta fita kasuwa.

Cikin makon abin ya sake faruwa, ita ta kama shi. Na dawo daga makaranta na tarar ta zare wayar fitila ta lulluɓe akwatin da bargo. Ta jira har na ci tuwo, domin ta san ba a gaya mini labari da yunwa, sa'an nan ta ce,

"Masta, abin nan naka ba wuta ba ce. Yau ba a ɗauke ba. Gwaggo ce ta yi shara."

"Shara kuma?"

"Ta ce ta daure ta daure, ba za ta iya barin jikokinta su fito cikin ƙazantar ɗakin malamai ba. Ran Asabar ta fara. Gobe ka makara kaɗan ka gani da idonka."

Kashegari na zauna a ɗakin da jan biro, kamar mai duba jarrabawa. Gwaggo ta shigo da tsintsiya, ta juya ƙwanta, sa'an nan ta nufi teburi. Ta sa hannu biyu ta rufe murfin kwamfuta a hankali, ta ɗauko wani ƙyallen saƙa mai furanni daga kafaɗarta ta shimfiɗa a kai. Ku da kuka tashi a hannunta kun san halin. Gwaggo ba ta iya ganin abu a buɗe ta wuce. Tukunya, randa, kwano, bakin yaro mai hamma, duk sai ta rufe. A gidan da ta girma, macen da ta ɗaga tsintsiya alhali akwai abu a buɗe, ranar sai an tambayi wace ce uwarta. Ta yi shararta tsaf, ta yayyafa ruwa, ta ɗauke ƙyalle, ta buɗe murfin kamar yadda ta same shi. Kwamfuta ta yi ɗan tari ta farka. Fitila ta kama, ta kuma ƙi mutuwa.

"Ka ga yadda ake yi," in ji ta. "Abu mai tsada haka ka bar shi baki sake, kamar maroƙi."

Na ce na gode, Gwaggo. Tana fita na fizge waya.

Nan na gane abin. Irin wannan kwamfuta in an rufe murfinta barci take yi. Tana riƙe abin da ke cikin kanta, amma tana janye wuta daga gaɓoɓinta, har da ƙofar firinta. In ta farka, ƙofar nan ba ta dawowa yadda aka bar ta, da dukan wayoyinta a kunne take tashi, wato fitila na ci. Ma'aunin zafi kuma, da yake shi ma an yanke masa wuta, ba ya komawa aiki sai an ce masa fara, in ka tambaye shi sai ya yi ta ba ka lamba ɗaya. Direbana kuwa ba shi da labarin an yi barci. A wurinsa ƙiftawar ido ce. Ya tuna ya kashe fitila, ma'auni ya ce masa lafiya lau, sai ya naɗe hannu. Ban taɓa shirya masa wannan ba, domin ni ban taɓa rufe murfin ba. Ni a gidan da na girma... to, a gidan nan ɗaya na girma, amma namiji ne ni, ba a ba ni tsintsiya ba.

A makon nan ne kuma aka kira ni Yendi ganawa, za a zaɓi hedimasta. Ɗanladi ya riga ya gaya wa rabin garin, har ya fara duba mini gida. Hanyar kuwa a damina, ta Nalerigu da Karaga, zuwa da dawowa sai ta cinye yawancin mako, in gada ba ta yi fushi ba. Uwarku ta zaunar da ni a zaure.

"Masta, wannan ai ba abin tunani ba ne. Ka ce mata ta daina rufewa."

"In ta ce don me?"

"Ka gaya mata."

"In gaya mata hannunta ne ya kusa dafa su har sau biyu? Ke kin san ko an ƙyanƙyashe ba za ta sake shiga ɗakin ba. In kuma aka samu wanda bai fashe ba, kanta za ta ɗora wa, ta nemi lori."

"To, sa kwaɗo a ƙofar."

"In kulle Gwaggo daga ƙwanta? Ke za ki riƙe makullin?"

Ta ce a'a, ita tana son ranta. Ta kawo shawarar in karye ɗan tsinken da murfin ke dannawa, don kada kwamfutar ta san an rufe ta. Shawara ce mai kyau, na ma yaba mata. Sai dai tsohuwar kwamfutar nan fankarta ta gaji, in ta ci gaba da aiki a rufe ƙarƙashin ƙyalle, zafi zai sa ta kashe kanta gaba ɗaya, ta taɓa yi mini haka. Ita kuma uwarku ba za ta bar rumfarta ta zauna gadin fitila ba, ga ku ƙanana.

"Wato," in ji ta, "tsakanin tsohuwa da inji, injin za ka yi wa tarbiyya."

Na ce shi ne ƙarami.

Ina so ku fahimci wannan, don shi ne abin da kuke tsallakewa in kuna ba da labarin. Gwaggo ba ta yi kuskure ba. An yi murfi don a rufe shi. Na'urar da za ta zauna cikin mutane, ita ya kamata ta san cewa za a rufe ta, za a ɗauke mata wuta, za ta yi barci ta farka ta tarar duniya ta motsa. Na aika wa Yendi cewa uzuri ya riƙe ni, na nemi izini a makaranta, na zauna.

Ba ni da wanda zan tambaya a duk faɗin Bawku, sai rubutun kanel ɗin kansa, wanda mutanen da ban taɓa gani ba suka rubuta, wasunsu da ladabi, wasunsu da zagi a gefen layi. A ciki na tarar ashe maigidan ba ya barci a ɓoye. Kafin ya kwanta yakan yi shela, in ya tashi ma yakan yi, amma sai ɗan aiken da ya ba da sunansa ake gaya wa. Nawa bai taɓa ba da suna ba. Na rubuta masa abu biyu. In aka yi shelar barci, ya kashe fitila tukuna kafin ya ce ya yarda, domin ƙwai na jure ɗan sanyi, kaza ma takan tashi ta je ta ci abinci, zafi ne ba ya yafewa. In aka yi shelar farkawa kuma, kada ya gaskata kome daga abin da ya tuna. Ya fara da sake shirya ƙofar, ya kashe fitila ko da yana ganin a kashe take, ya ta da ma'auni, ya ɗan jira shi, ya zubar da amsar farko, sai a kan ta biyu ya yanke hukunci. Na yi shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibai su sake karanta tambaya bayan sun dawo daga fitsari, ga shi ina gaya wa inji.

Faɗin ya fi yin sauƙi. Duk gyara ɗaya sai an sake gina kanel ɗin, tsohuwar kwamfutar kuma takan ɗauki rabin yini tana nishi, in wuta ta tafi batirinta ya ƙare a tsakiya, a koma farko. Tana wannan aikin ba ta iya kula da akwati, don haka ni ne ke zaune da ma'aunin gilashi, ina kunna fitila ina kashewa da hannu. In kuna neman inda maganar kwanci ta samo asali, ga shi nan, ban ɓoye ba. Gwajin farko, na rufe murfi na buɗe, kwamfuta ta ƙi farkawa sam, domin na sa direban yana jiran ma'auni tun ƙofar ba ta dawo ba, shi yana jira, maigida yana jiransa. Na biyu ta farka amma ta bar fitila a mace. Gwaggo ta shigo da koko ta same ni ina rufe murfi ina buɗewa kamar mai wasa da faifai.

"Babana, ba yau ne za ka Yendi ba?"

"An ɗaga, Gwaggo."

Ta dube ni irin duban da take yi mini tun ina satar ƙuli-ƙuli. Ta ajiye kokon, ta rufe shi da faranti.

Ranar da ya yi daidai, na gwada shi har hannuna ya gaji, da fitila a kunne, da ita a kashe, rufewa gajere, rufewa mai tsawo. Amma jarrabawar gaske sai da safe, da mai tsintsiya ta zo. Na tsaya a bakin ƙofa ina yi kamar ina gyara agogo. Ta rufe, ta shimfiɗa ƙyalle, fitila ta mutu. Ta yi shara. Ta buɗe. Fitila ta yi ƙyaf ta mutu, aka ɗan yi shiru, sa'an nan ta kama, da ɗumi ya kai kuma ta mutu da kanta. Na zauna a kan buhun masara. Uwarku ta leƙo daga madafa, na ɗaga mata kai, ta ce alhamdu lillahi da ƙarfin da ya sa Gwaggo ta tambaya ko wani ne ya haihu.

Kujerar Yendi wani aka ba, mutumin kirki, ya kuma riƙe ta da kyau. Ba a sake kirana ba, da alli a hannu na yi ritaya. Ɗanladi ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwata sai da "ina masu ƙwai?" Uwarku ma, gidan hedimasta mai famfo a tsakar gida ya daɗe yana fitowa a hirarta. Ban ce abin bai yi mini ciwo ba. Ya yi, musamman ranar da na ga mutumin a taron malamai an ba shi kujera mai hannu. Amma ko a ranar, da na tuna ɗakin nan mai yoyo, sai na gyara zama a kan bencina.

Sauran kwanakin ban san ko zafin nan na sau biyu ya riga ya yi ɓarna ba, babu kuma direban da zai gaya mini. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ina ɗaura takalmi, na ji Gwaggo ta ƙwala kira daga ɗakin karatu, kiran da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na ruga da takalmi ɗaya. Tana durƙushe gaban akwati, ƙafar da ke ciwo ta manta da ita. Ɗaya ya fito yana jiƙe yana layi, biyu sun huda. Kafin la'asar ta kashegari fiye da rabi sun fito, sauran ba su zo ba. Ta kwashe waɗanda ba su fashe ba ta binne su a gindin zogale, ba ta tambayi dalili ba, ni ma ban kawo ba.

Da yamma ta sa aka kira mata Alhaji Bawa, mai lorin da ke zuwa Salaga ɗaukar doya. Na zaci komawa za ta yi. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, tana zaune da kwando a cinya, 'yan tsakin na kuka a ciki.

"Alhaji, yaushe za ka gida?"

"Jibi, in Allah ya yarda, Gwaggo. A ajiye miki gaba?"

"Gaban me? Wa zai riƙa waɗannan? Uwarsu ko gara ba ta san inda ake tonowa ba, shi kuma wannan," ta nuna ni da haɓa, "in an bar masa su sai ya koya musu lissafi. Ka je gidanmu ka ce a buɗe maka ɗakina. Gadona na ƙarfe za ka ɗauko mini, da turmina. Ka ɗaure su da kyau, kada ka sa mini su ƙarƙashin doya."